Kudu a Cibiyar Sifu Pang

Duk wanda ke zaune a gini na bakwai na rukunin gidajenmu a Kowloon bai san Sifu Pang Kam-fuk ba, ko dai kurma ne, ko kuma matattakala yake bi. Masu hawa lif kam sun san shi sarai, domin daga ƙasa har hawa na ashirin da uku ba ya barin mutum ya sauka bai ƙaru da ilmi ba. Babban mutum ne. Shi da kansa ya tabbatar mana da haka, kuma ba sau ɗaya ba.

Shekara ashirin da takwas ya yi yana tsaron wurin ajiye motoci a ƙarƙashin wani kanti, yana ɗaga hannu yana cewa baya, baya, tsaya. Sai da ya yi ritaya ya gano ashe ba gadi yake yi ba duk tsawon shekarun nan, tsara tafiyar ƙarfin duniya yake yi, motocin gwaji ne kawai. Ya shiga ajin fenshui, ilmin iska da ruwa da ake tsara gida da shi don jawo sa'a, a zauren unguwa. Darasi takwas ne, ya halarci biyar, don sauran ukun, in ji shi, malamin zai maimaita masa abin da aka haife shi da shi ne. Ya sayo faifan lopan ja mai faɗin tire, da'irorin rubutu a kansa kamar ba za su ƙare ba, da 'yar allura a tsakiya mai nuna kudu. Ya sayo riga mai maɓallin igiya. Ranar da ya fara sa ta ya roƙi maƙwabta su daina ce masa Kawu Pang, su koma Sifu, wato babban malami. Muka koma, don ba ma son gardama a lif. Matan da ke buga cacar majon a hawa na tara kuwa suka raɗa masa Baya-Baya-Tsaya, sunan ya zauna daram.

A ƙarƙashin rigar nan mai daraja akwai wata ɗamara ta ciwon baya, da ƙwayoyin mayen ƙarfe goma sha biyu ɗinke a cikinta. Matarsa ce ta saya masa ranar da ya cika sittin. Ba ya cire ta sai zai yi wanka, kuma ba ya ambatonta a cikin jama'a, don masani ba ya ciwon baya.

Matar tasa, Sau-ying, naɗin har-gau take yi a wani gidan shayi, wannan ƙullin jatanlande mai siririyar fata da ake turarawa a kwandon gora. Shekara ashirin da shida tana wannan aiki, kowane ƙulli ninki goma sha uku, ba ragi ba ƙari, kuma akwai tsofaffin da ke tsallako unguwa biyu don su ci na hannunta. Ƙarfe bakwai na yamma take kwanciya, uku na dare agogo ya tashe ta. Barcinta kuwa sai dai a yi mata sha'awa. An yi guguwar da ta tumɓuke itatuwan bakin titi, da safe ta tambaya ko an ɗan yi ruwa. Shekara talatin da ɗaya tana kwana kusa da munsharin mijinta, munsharin da mutumin hawan sama ya taɓa kai ƙarar injin lif saboda shi, ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

Laifinta ɗaya, wata Lahadi ta yi hamma a gaban Sifu.

Ya ajiye tsinken cin abincinsa a hankali, ya dube ta irin duban da likita ke yi wa mutumin da ya makara zuwa asibiti. Ta ce masa gajiya ce kawai, an yi biki a wurin aiki. Ya yi murmushin tausayi, ya tashi ya ɗauko faifai.

"Matar gida, ba laifinki ba ne, ba ki yi karatu ba. Abu huɗu ne ke kashe mai barci. Ƙafa ba ta kallon ƙofa, wannan kwanciyar gawa ce, haka ake fitar da mamaci. Kai ba ya jingina da bangon banɗaki, arziki ne zai bi bututu. Ba a kwanciya ƙarƙashin sandar kankaren rufi, tana danne ƙirji. Madubi kuma ba ya kallon mai barci, kurwa za ta ga kanta ta firgita. Shekara talatin da ɗaya kina zaton barci kike yi. Suma kike yi, baiwar sama, suma."

Ɗakin nasu ƙafa bakwai ne a tsaye, shida a kwance, kuma gadon ya cika shi yadda ƙafa ke cika takalmi. Sifu ya tsaya a 'yar tazarar da ta rage, ya riƙe faifan a daidai cibiyarsa kamar yadda aka koya masa a darasi na biyu. Allura ta yi rawa, ta juyo, ta nuna cikinsa. Ya juya wajen taga, ta nuna cikinsa. Ya juya wajen ƙofa, ta sake nuna cikinsa. Da ƙaramin mutum ne da sai ya ce faifan ya lalace. Sifu ba ƙaramin mutum ba ne. Idanunsa suka cika da ƙwalla, ya ce ya daɗe yana zargin haka, amma tawali'u ya hana shi faɗa.

Daga ranar doka ta kafu: duk inda bayan Sifu yake, can ne kudu, kuma awon farko na kowace yamma shi ne na gaskiya. Shekarar haihuwarsa ta ce kansa ya kalli kudu, ta matarsa ta ce nata ya kalli yamma. Ran Litinin kudu tana taga. Ran Talata, da yake ya shigo ɗakin a karkace yana sakace, ta koma bangon kabad. Ran Laraba ta shige kusurwa, gado ya tsaya a gicciye, ƙofa ta ƙi rufuwa. Sau-ying ta tambaye shi, cikin ladabi, yadda aka yi kudu ke yawo haka kamar mai talla.

"Duniya juyawa take yi, ko ɗan firamare ya sani. Jahili ne kaɗai ke zaton kudu za ta tsaya wuri ɗaya tana jiransa."

Gadon ba ya juyuwa sai an kwance shi. Saboda haka kowace yamma, a daidai lokacin da ta saba jan bargo, sai a fitar da katifa falo, a warware katako, a sake ɗaurawa. Sifu ba ya ɗaukar nauyi, don hannun da ke riƙe lopan bai kamata ya yi kanta ba. Yana tsaye a bakin ƙofa yana ɗaga hannu, baya, baya, tsaya, ita kuma tana ja. In an gama sai a zo batun kai. Shi nasa kudu, ita nata yamma, gado kuma ɗaya ne, don haka ya miƙe a tsawonsa, ita ta gitta a gindin ƙafafunsa, sawayenta na reto a iska.

Gyara bai tsaya nan ba. Ƙarƙashin gado dole ya zama fayau don iska ta wuce, sai aka fiddo barguna na sanyi, akwatuna biyu, kwalin tukunyar shinkafa da fankar da ta mutu tun auren 'yarsu. Babu inda za a kai su a gidan, sai Sifu ya yi nazari ya gano littafi ya hana ajiya a ƙarƙashin gado ne, bai ce komai ba game da samansa. Aka jera su a gefen Sau-ying. Aka lulluɓe madubi da jan ƙyalle, ta riƙa fita aiki da tsagar gashi a karkace. Aka rataye sarewar gora biyu a rufi da wata ƙararrawa mai sanduna shida, wadda ke kaɗawa duk lokacin da Sifu ya ja numfashi. Daga ƙarshe aka kori agogo, wai ƙararsa na yayyanka ƙarfin ɗaki. Wannan ne ya gama da ita, domin mai tashi ƙarfe uku in ba ta da agogo ba ta barci, gadi take yi.

A lif kuwa Sifu yana ba da rahoto kullum. Ya ce matarsa ta fara samun sauƙi, don yanzu tana jin duk abin da ke faruwa a ɗaki, alamar kurwarta ta farfaɗo ke nan. Ya ce dubi idanunta yadda suka zurma, hikima ce ke shiga. Ya leƙa jakar cefanen matar Lok ta hawa na tara ya gaya mata kifinta na kallon inda bai dace ba.

A mako na biyu aka dawo da kwando daga teburin wani tsohon kwastoma, har-gau ɗin ninki bakwai ne, ɗaya ma ya buɗe baki. A mako na uku goshinta ya sauka a kan kwaɓi, sai da aka taɓa ta. Shugaban madafa, Tsoho Ngai, mutum ne da ba ya ɓata kalma. Ya jira ta goge garin da ke girarta, sannan ya ce, "Yaya Ying, sau biyu ke nan. A na uku ki ninke rigar aikin ki ajiye mini. Wuta da tururi ne a nan, ba ɗakin kwana ba."

Ta ji tsoro ƙwarai. Shekararta hamsin da tara, ba wanda zai ɗauke ta sabon aiki, kuma ba ta san abin da yatsunta za su yi da safe ba in babu kwaɓi. A motar komawa gida ta yi kuka a ɓoye, ta zarce tasharta saboda gyangyaɗi. Da ta gaya wa mijinta, ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce in sun kore ta hakan zai tabbatar da abin da ya daɗe yana faɗa, cewa ƙofar gidan shayin nan tana kallon asara. Ya yi alkawarin ƙara ƙararrawa ta biyu.

Ranar Asabar da rana Sifu ya shiga wanka. Faifan yana kan tebur a kan jan ƙyallensa, inda aka hana kowa taɓawa, ɗamarar kuma tana rataye a kujera, ta yi tsamin gumi. Sau-ying ta ɗauke ta za ta jiƙa. Tana wucewa ta gefen tebur sai ta ga allura ta biyo ta. Ta tsaya. Ta kai ɗamarar hagu, allura ta bi hagu. Ta kai ta dama, ta bi dama, kamar kyanwar da ta ji ƙamshin kifi. Ta zagaya teburin sau ɗaya, kudu ta zagaya tare da ita.

Ta zauna a kujera. Da farko ranta ya ɓaci, ta tuna kwana ashirin da ɗaya na jan katako. Daga baya dariya ta kama ta, ta toshe baki da ɗamarar don kada ya ji. Ta yi tunanin ta kira shi ta nuna masa. Amma ta san mijinta. Mutumin da ya yi wa juyawar duniya bayani ba zai rasa bayanin ɗamara ba, ƙila ma ya ce ƙarfinsa ne ya jiƙa ta. Sai ta ɗauko almakashi da zare. Kafin Sifu ya gama waƙarsa ta wanka, yatsun da ke ninki goma sha uku sun farke ɗinki, sun zare ƙwayoyin nan goma sha biyu, sun maye gurbinsu da maɓallan tsohuwar rigar sanyi, sun mai da ɗinki kamar ba a taɓa ba. Ƙwayoyin kuma ta cusa su cikin hannun doguwar kujerar falo.

Da yamma Sifu ya tsaya a ɗaki, faifai a cibiya. Allura ta yi rawa, ta kau da kai daga gare shi ta nuna taga. Ya juya, ta ci gaba da nuna taga. Ya girgiza faifan, ya hura masa iska, ya tura ciki gaba. Ko kallonsa ba ta yi ba. Fuskarsa ta faɗa, ya koma Kawu Pang mai gadin motoci a ranar da aka kawo injin ɗaga shinge. Har ga zuciya Sau-ying ta ji tausayinsa, amma ta tuna Tsoho Ngai.

"Sifu," ta ce, kuma ranar ce ta fara kiransa da haka, "ni me na sani, kwaɓi nake naɗewa. Amma tunda ka ce duniya juyawa take, ko ka leƙa falo ka gani?"

Taku huɗu ne daga ɗakin zuwa kujerar. A na uku allura ta zabura, a na huɗu ta manne wa hannun kujera ta ƙi motsi. Sifu ya zagaya ta dama, ya dawo ta hagu. Launin fuskarsa ya dawo, har da ƙari.

"Kin gani? Kin ga abin da nake gaya muku? Jijiyar dodon ƙasa ce, wadda ta gangaro daga Dutsen Zaki. Shekaru tana kwana a cikina, yau ta ga na isa, ta fito ta shimfiɗa mini wuri. Sarakunan da sun aika mutum dubu neman irin wannan gurbi ba su samu ba, ni ga shi a falona. Matar gida, ki yi haƙuri. Daga yau a nan zan kwana. Ba gudunki nake yi ba, aiki ne ya kira."

Ta sunkuyar da kai ta ce za ta daure. Ta tambaya, ita fa, ina za ta sa nata kan? Sifu ya koma ɗaki ya auna mata yamma, a matsayin kyautar bankwana. Allura, da yake ba mai janta, ta faɗi gaskiya, yamma ta faɗo a bangon da kan gadon ya bar wa tabo tun shekarar aurensu. Ya tsaya a bakin ƙofa, baya, baya, tsaya, ƙafafun gado huɗu suka faɗa cikin tsofaffin ramukansu a leda. Ya nuna mata ramukan ya ce ta duba, ƙasa da kanta ta riga ta san lissafinsa. Tunda kuma ƙarfi ya bar ɗakin ya zama ɗakin talakawa, ya yarda a mai da akwatuna ƙarƙashin gado, a sauke ƙararrawa, a dawo da agogo.

Ran Litinin ninki goma sha uku ne, tun kwandon farko har na ƙarshe. Tsoho Ngai ya ɗaga ɗaya ya duba ta hasken fitila, ya mayar ya wuce, wanda a wurinsa yabo ne. Cikin mako guda kumatun Sau-ying suka ciko, ta ma gano abin da ba ta sani ba shekara talatin da ɗaya, wato yadda barci yake in babu injin lif a kunne.

Sifu bai ɓoye wannan nasara ba. Sau uku ya hau ya sauka a lif a rana ɗaya don kada wani ya rasa labari. Matar Lok, wadda mijinta ke kwana da rediyon tseren dawaki a kunne, ta tare Sau-ying a wurin mai kifi ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ta faɗa mata gaskiya. Suka yi 'yar magana ƙasa-ƙasa. Kashegari matar Lok ta zo da lemo da girmamawa tana roƙon Sifu ya taimaka ya auna mata gida. Kafin ta tafi ta shiga kicin shan shayi da uwar gida, ta fito da wani abu mai jan ƙarfe ƙulle a hankici.

A gidan Lok allura ta nuna kujerar falo. A gidan Tse ma haka. A gidan Yip, inda babu doguwar kujera, ta nuna gadon naɗewa a bayan firji. Hankicin nan kuwa yana ta yawo daga hannun wannan uwar gida zuwa na waccan. Gida goma sha huɗu Sifu ya auna kafin bikin tsakiyar kaka, kuma a duka ƙarfin maigida ya bayyana a wajen ɗakin kwana. Ya ce wannan bincike ne da masanan shekara dubu uku suka tsallake, ya fara rubuta littafi. Matan majon suka haɗu suka ɗinka masa jan tuta mai rubutun zinariya, ba su taɓa yin kyauta da zuciya ɗaya haka ba. Ya karɓa ya yi jawabin minti arba'in, a ciki har ya tona asirin cewa yana sa wata ɗamara, kuma tun da jijiyar dodo ta motsa ƙarfin ɗamarar ya ninka, bayansa bai taɓa daɗi kamar yanzu ba.

Gida na goma sha biyar ba a rukuninmu yake ba. Wata mata ce ta zo daga nesa, ta ce mijinta shugaban madafa ne, yana haurin mutum cikin barci. Bayan kwana huɗu Tsoho Ngai ya zo aiki wuyansa a sanƙare, yana juyawa da duk jikinsa. Wajen ƙarfe tara aka ga kansa na sauka a hankali wajen kwandon turara. Sau-ying ta taɓa kafaɗarsa, ba ta ko daina naɗi da ɗaya hannun ba.

"Yaya Ngai, sau ɗaya ke nan."

Ran nan ta dawo gida da la'asar ta tarar da Sifu a gurbinsa na sarakuna, ya ɗan kishingiɗa bayan aikin littafi. Kujerar nan dai tun da aka sayo ta wuri ɗaya ke ɗaukarta a falon. Ƙafafunsa na kallon ƙofar gida sak. Kansa na jingine da bangon banɗaki, ana jin ruwan maƙwabta na bin bututu. Sandar kankaren rufi ta ratsa daidai saman ƙirjinsa, madubin kabad kuma na kallonsa tun daga tsakar ka har yatsa. Yana ta munshari, baki buɗe, faifai a kan ciki, ya ma fi kowa a benen barci. Ta tsallake ƙafafunsa, ta shiga ɗaki, ta saita agogo a ƙarfe uku, ta rufe ƙofa.